Taswirar Rijiyoyi da Abin da Ya Sami Marke-Biyu

Tun da na dawo Kano hutun nan ba ku bar ni na huta ba. In na zauna a majalisa, kafin a miƙo mini shayi wani ya kira ni da sunan aikina na awon ƙasa ya ce, "Safiyo, yaya Jigawa? An ce har Faransa ka leƙa a kan babur." In na je ɗaurin aure haka, jana'iza ma sai an ja ni gefe. Ni kuwa sai in ce lafiya lau, in kawo wata maganar. Jiya har Malam Nasiru yake cewa wai girman kai ne, na zama babban ma'aikaci. Wane girman kai? Labarin ne ba ya mini daɗin faɗa. Amma tunda kun nace, ga shi na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Kun dai san da aka ƙirƙiro Jigawa aka raba ma'aikata, sai aka tuna kakana na wajen uba mutumin Gumel ne, aka tattara ni da allon zanena aka jefa can, garin da ban taɓa kwana a cikinsa ba. To a ranin bara wata ƙungiyar agaji ta kawo injin haƙa rijiyar burtsatse. Sharaɗinsu, za su yi aiki zuwa faɗuwar damina su naɗe kaya su tafi wata jiha, kuma bututun da suka zo da shi ba zai ishi kowa ba. Suka nemi taswira. Wadda muke da ita a ofis tun ta zamanin Turawa ce, rabin garuruwan da ke cikinta sun tashi, rabin waɗanda ke ƙasa ba sa ciki. Sai shugabanmu ya ce in zaga ƙasar Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari in zano sabuwa: kowane ƙauye, hanyarsa, da rijiyarsa. Garin da ba shi da ruwa in sa masa ja, mai ruwa in sa masa shuɗi. Injin kuma ja kawai zai bi. Wato dai alƙalamina ne zai ce wa zai sha, wa zai jira.

Aka haɗa ni da Markus, duba-gari ne, mutumin Filato, Kirista, ya daɗe a Gumel har yaran unguwa na ce masa Baba Markus. Shi ke da babur. Muna ɗaura kaya ya dube ni sama da ƙasa, da babbar rigata da takalmi sau-ciki.

"Malam Garba, ka taɓa hawa babur a yashi?"

"Ni da na tashi a Fagge kake tambaya?"

"Fagge kwalta ce. Ka riƙe ni da kyau, kada ka ji kunya."

Na ji kunya, ban riƙe shi ba. Ko gidajen Gumel ba su gama ɓace mana ba muka sha ƙasa. Kwalbar tawada ta fashe a aljihuna, farar rigar ta koma kamar an tsoma gefenta a marina. Wata tsohuwa mai itace a ka ta tsaya ta kalle mu, ta ce, "Sannunku. Baƙi ne ko?" Markus na dariya har da riƙe ciki, ni kuwa kamar in shaƙe shi. Daga nan na rungume shi kamar ɗan goyo, ban sake jin kunyar kowa ba.

Abu na farko da ya fara ba ni haushi a ƙasar Gagarawa shi ne tambayar hanya. Mu a birni mutum zai ce ka miƙe titin nan, ka yi kwana a gidan mai. A can sai ya turo leɓe ya nuna gabas ya ce, "Ga shi nan bayan kukar can." Ka wuce kuka, ka wuce wata, ka wuce ta uku, rana ta karkata, garin bai bayyana ba. In ka sake tambaya a ce, "Ai kun zo." Na daina tambayar nisa, na koma duba mitar babur ina rubutawa. Hanyoyin ma ba hanyoyi ba ne, sawun amalanke ne ya ratsa gonakin da aka girbe, in ruwa ya sauka a shuke su.

A wani ƙauye da ba zan kama sunansa ba na yi wautar da na ga gaskiya ce. Na tara mutane na ce musu mun zo ne saboda rijiyar burtsatse, garin da ba ruwa shi za a haƙa wa. Kai! Nan take mai garin ya rantse tun zamanin kakansa ba su taɓa mallakar rijiya ba. Wani ya fara tari, wani ya nuna mini leɓensa wai ya tsage. Har na zare murfin jan alƙalami, sai ga shanu sun dawo kiwo. Suka ratsa ta tsakiyarmu, suka nufi wata rumfar zana da aka jibge da ƙaya a bayan masallaci, suka tsaya suna kuka. Markus ya je ya ɗaga zanar. Rijiya ce ta siminti, guga ma bai bushe ba. Ashe labarinmu ya riga mu isowa.

Mai garin ko a jikinsa. Ya ce, "Au, wannan? Ai wannan ta dabbobi ce."

Na yi faɗa har muryata ta dushe, daga baya kuma dariya ta kama ni, don na ga kamar a unguwarmu nake, inda in an zo rabon wani abu mai gida uku ke fara kuka. A ajin makarantar da hedimasta ya sauke mu, muka haɗa bencina muka shimfiɗa tabarma, jemagu na ta kai-kawo a silin, na ce wa Markus daga yau ba wanda zai sake jin kalmar burtsatse daga bakina. In an tambaya, hanya muke zanawa.

"In ba ka faɗa musu ba za su ɗauka haraji ne," in ji shi, yana kai lomar dambun gero da zogale da matar hedimasta ta aiko.

"Su ɗauka. Idona zan yarda da shi, ba bakinsu ba."

Ya ce to, ni ne mai alƙalami.

Muka juyo ta Ɗanzomo, inda muka sayi mai a galan wajen 'yan bumburutu, wanda rabinsa ina jin kananzir ne, don babur ɗin tari ya riƙa yi har Sule Tankarkar. A ƙasar nan na ga abin da ake kira rijiya. Zurfi kamar ba ƙarshe. Ba a jan guga da hannu, sa ake ɗaura wa igiya ya yi ta tafiya har ya yi nisa kafin guga ya leƙo. Ba ka ganin ƙasanta da ido, don haka Markus ya kwance madubin babur, muka riƙa haska rana a ciki, in da ruwa sai ka ga ya ƙyalla. A wasu garuruwan mata ne zaune zagaye da bakin rijiya tun safe, ana jira ruwa ya tsatso a kwarfa rabin guga, rabinsa laka. Waɗannan ba sai an tambaye su ba. Na sa ja har alƙalamin ya fara ƙarewa. Abinci kuwa fura ce safe da rana, mai kauri, ba sukari, in ka nemi sukari a dube ka kamar marar lafiya. Markus ya sha ya ƙara, ni cikina ya yi kwana biyu yana ƙorafi kafin ya haƙura.

Yanzu na zo kan garin da ya sa ba na son labarin nan.

Marke-Biyu ƙaramin ƙauye ne can arewa, dab da iyaka, tsakanin ƙasar Sule Tankarkar da ta Maigatari. Itatuwan marke biyu ne a bakin garin, shi ne sunan. Daga gidan hakimi an riga an aika musu cewa baƙi daga gwamnati na tafe. Ƙaya ta fasa mana taya a daji, muka turo babur a yashi, muka isa bayan la'asar ba wanda ke iya magana. Mai garin, a can Bulama suke cewa, ya taro mu da kansa. Bulama Haruna, dogon dattijo siriri, da farar rigar da ta sha wanki har ta yi laushi. Bai tambaye mu abin da ya kawo mu ba. Ya kai mu zaure, aka kawo ruwa a sabuwar ƙwarya, garau, mai sanyi, na sha har na ji shi a yatsun ƙafata. Aka kai mana bokiti cike, kowa nasa, muka yi wankan da rabonmu da shi tun Gumel. Ina fitowa na tarar an ɗauke rigata mai tawada an shiga da ita gida za a wanke. Aka yanka zabuwa, aka yi tuwon gero miyar kuka da man shanu. Wallahi tun da na bar gidan mahaifiyata ba a yi mini irin wannan karɓar ba.

Muna ci sai ga wata tsohuwa ta leƙo da sanda, yayar Bulama ce, Gwaggo Tabawa. Ta ƙare mini kallo.

"Wannan ne angon da aka aiko mini daga birni? Ai ko tulu ba zai ɗaga ba."

Na ce, "Gwaggo, ni alƙalami nake ɗagawa."

"Alƙalami ba ya cika randa, angona. In kana so na, jaki za ka kawo."

Bulama ya ce, "Yaya, bar baƙi su ci abinci." Ta yi tsaki ta juya. Na ɗauka wasan kaka da jika ne, na yi dariya na ci gaba da zabuwata.

Da safe dattawan garin suka taru a zaure. Na ce hanya muke zanawa, na tambayi sunayen garuruwan maƙwabta, sannan na sako tambayata kamar ba komai ba.

"Baba Bulama, yaya ruwa a garin nan?"

"Alhamdu lillahi. Muna cikin rufin asirin Allah."

"Babu wahala?"

"Mai rai ai ba ya rasa wahala, Malam. Ka sha, ka yi wanka. Ko akwai abin da aka rage ka da shi?"

Na ce babu, Allah ya saka da alheri. Na nemi ganin rijiya, ya raka mu da kansa. Ba layi, ba mace ko ɗaya zaune. Markus ya haska madubi, ruwa ya ƙyalla a can ƙasa. Na ce a raina ga gari mai sa'a. Muna ɗaura kaya Markus ya matso ya ce, "Malam Garba, ka lura garin nan ba jaki ko ɗaya?" Na ce suna kiwo mana, jaki zai zauna ya jira ka ne? Na saka rigata wankakkiya, tawadar har ta dusashe, na ɗauko shuɗin alƙalami na yi wa Marke-Biyu ɗigo. Gwaggo Tabawa na tsaye a ƙofar gida tana kallona, ba ta yi mini wasa ba a wannan karon.

Daga nan muka ga wata hanya da ta sha sawun jakai, ta fi duk sauran faɗi, muka ce lallai ita ce ta Maigatari. Ku da kuke tambayata iyaka, to babu wata iyaka. Ba shinge, ba allo, karan gero ne a hagu, karan gero a dama. Sai da muka hango makaranta da wata tuta da ba tamu ba, da jandarma biyu a gindin bedi, wato darbejiya, suna dafa shayi, sannan Markus ya ce, "Yesu! Mun shiga Nijar." Ita ce mutanen iyaka ke ce wa Faransa.

Babban cikinsu ya fara sara mana tukuna, abin da ban taɓa gani a shingen namu ba, sannan ya miƙo hannu. Ya buɗe takarduna, ya ga layuka da ɗige-ɗige ja da shuɗi har bakin ƙasarsu. Fuskarsa ta sauya.

"Kai, mi kake zanawa? Wa ya aiko ku?"

Na ce rijiyoyi ne. Ya ce rijiya ake aunawa da kamfas? Ya zaunar da mu a gindin bedin har azahar. Markus ne ya cece mu, ya ga wani ƙurji a wuyan ƙaramin jandarman, ya buɗe jakarsa ya wanke masa ya sa magani. Kafin ka ce me, an miƙo mana shayi mai ɗaci a ɗan kofin gilashi, da cukwi, da wani dogon burodi mai tauri da za ka iya korar kare da shi. Babban ya mayar mini da takarduna, amma ya riƙe jan alƙalamin, wai ɗansa na lakwal, wato makaranta. Na bar masa, dama ya kusa ƙarewa. Kusa da su akwai famfo mai ƙafa, ana takawa ruwa na zuba, ga layin jakai da jarkoki da mata har ido ya gaji. Da muka zo wucewa wasu matan suka ja mayafi suka juya mana baya. Na ce wa Markus matan Damagaram akwai kunya.

Muka shiga Maigatari jajiberin kasuwa. Nan kam gari ne. Manyan motoci sun yi layi, raƙuma, shanu masu ƙaho kamar reshen itace, Buzaye da rawani, 'yan kudu masu sayen dabbobi, kowa da harshensa amma ciniki da Hausa. Muka sauka a wani gidan baƙi da kuɗin cizonsa suka fi masu gidan karamci, don ba su bar mu mu kaɗai ba ko kaɗan. Na ci balangun raƙumi ban sani ba, sai da na yaba aka gaya mini. Washegari muka kamo kwalta zuwa Gumel, na ji kamar in sauka in sumbace ta.

Na zauna na zana taswirar nan, kuma ba yabon kai ba, ban taɓa aiki mai kyau irinta ba. Kowace hanya, kowace kuka da ake kwatance da ita, har inda yashi ke riƙe mota na nuna. Na kai shagon fotokwafi, muka jira aka kawo wuta, mai shagon ya duba ya ce, "Malam, injin nan fa bai san ja ba, bai san shuɗi ba, duk baƙi zai fito." Tabɗi! Na koma na sake: garin ƙishirwa baƙin ɗigo cikakke, garin da ke da ruwa zobe mai farin ciki. Marke-Biyu ya sami zobensa.

Aka buga, aka raba. Masu haƙa suka karɓi nasu suka aika wa manyansu, aka sa hannu. Aka kai ƙananan hukumomi, aka kai gidajen hakimai. Malaman asibiti masu allurar rigakafi suka roƙa, direbobi suka roƙa, wanda ya samu ya buga wa wani, har na ga wata a manne a bangon wani kemis a Sule Tankarkar, ta yi dishi-dishi don yawan bugu. Na tsaya a gabanta ina jin daɗi kamar na ga ɗana a bainar jama'a. Injin ya shiga daji yana bin baƙaƙen ɗigona, gari bayan gari, ana ta guɗa.

Rani ya yi nisa, gajimare ya fara haɗuwa a gabas, sai wata Alhamis na raka Markus Maigatari duba mahauta. A gefen kasuwa, wajen masu itace, na hango dogon dattijo zaune kusa da tarin azara da ƙyauren ɗaki biyu. Bulama Haruna ne. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi Markus, ya tambayi babur.

Na ce, "Baba, gyaran gida ake yi ne?"

"Eh to. Kusan haka."

"Faɗa masa mana!" Muryar ta fito daga bayan azarar. Gwaggo Tabawa ce zaune a kan ƙullin kaya, ta rame har na kusa kasa gane ta. "Tashi muke, angona. Rijiya ta ƙafe ƙaf, ko laka ba ta bayarwa. Rabin gari sun tsallaka wajen famfon Faransa, rabi sun yo nan."

Na ce ba zai yiwu ba, ni da idona na ga ruwa a rijiyar.

"Ka ga abin da ya taru ne don an hana kowa taɓa ta. Da aka ce baƙi na zuwa, ƙanina ya ce ba za a ba baƙon gwamnati ruwan laka ba. Aka kwashe jakan gari kaf, da duk macen da ke da ƙafa, aka tura su famfo. Ruwan da ka yi wanka da shi daga wata ƙasa aka ɗauko shi. Ranar da aka wanke rigarka, jikokina da taimama suka yi salla. Da kuka wuce ta famfon ma matanmu na layi, suka ɓoye fuska kada ku gane su."

Na rasa inda zan sa kaina. Na zauna a ƙasa cikin kashin awaki. Na ce, "Baba Bulama, don Allah me ya sa? Takardar nan ta rijiyar burtsatse ce. Da ka ce mini babu ruwa, da yanzu inji na garinku."

Ya ɗago ya dube ni. Ashe ya riga ya ji, tun da aka haƙa wa maƙwabtansu.

"Malam, ka tambaye ni a zaurena, a gaban mutanena, da ruwanmu a cikinka. In ce maka me? In ce abin da ka sha wahala ce? Mu ba a haka muka tashi ba. Baƙo ba ya kwana a garinmu ya tafi da labarin rashinmu. Kuma ka ce hanya kake zanawa."

"Da na ce maka rijiya ce, za ka faɗa?"

Ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Gwaggo ce ta amsa. "Shi ba zai faɗa ba, ko za a yanka shi. Ni da na faɗa. Da na ji kalmar rijiya, da na shigo zauren nan na tona mana asiri, in ya so ya yi shekara bai gaishe ni ba."

Ban san yadda muka iso Gumel ba. Na ɗauko asalin taswirar na cike zoben Marke-Biyu da baƙar tawada, na ruga wajen shugabanmu. Ya saurare ni har ƙarshe, mutumin kirki ne, ya ce, "Garba, wannan ɗaya ka gyara. Sauran da aka buga aka raba fa? Ka san inda suke?" Ban sani ba. Magana zarar bunu ce, ashe takarda ma haka. Muka bi injin har inda yake aiki a ƙasar Gagarawa. Shugaban masu haƙa ya buɗe tasa taswirar, mai hatimin manyansa, ya nuna mini zoben da na zana da hannuna. Ya ce ramin da suke kai shi ne na ƙarshe, bututu ya ƙare, kuma ko da saura ba shi da ikon kauce wa takardar da aka sa wa hannu. Na roƙe shi, na yi faɗa, na sake roƙo. Markus ya ja ni gefe ya ce in bari haka, bakin alƙalami ya bushe. Bai taɓa ce mini "na gaya maka" ba, har yau, kuma da ya faɗa da na fi samun sauƙi. A makon ruwan farko ya sauka, suka naɗe kaya suka tafi.

Abin da ke cina shi ne, garin da ya rufe rijiyarsa da zana ya yi mini ƙarya don ya samu, na kama shi. Wanda ya rufe ƙishirwarsa don ya girmama ni, shi ne ban kama ba. Na je da wayon birni, na shirya wa maƙaryata tarko, mai kunya ya faɗa.

Bayan kaka na ce wa Markus ya kai ni Marke-Biyu. Mun same shi ba rufi ko ɗaya, bangaye tsaye, iska na shiga ta fita. Mutanen garin sun zo sun noma gonakinsu daga nesa, sun kwashe amfani sun koma. A bayan gari muka hango mutum yana jan ƙaya. Bulama ne, shi kaɗai, yana shinge maƙabarta kada dabbobi su tattake. Yanzu a gidan surukinsa yake zaune a gefen Maigatari, ba mai ce masa Bulama sai wanda ya san shi da. Gwaggo Tabawa ta rasu da damina, a can aka binne ta cikin baƙi, don hanya ta shuke ba a iya kawo ta ba. Muka yi mata addu'a, Markus ya cire hularsa ya tsaya a gefe. Muka kama masa jan ƙayar har muka gama.

Da za mu tafi ya riƙe hannuna.

"Malam, an ce in gari ya tashi kuna goge shi daga takarda."

Na ce haka ƙa'idar ofis take.

"To ina roƙon arziki. Ban roƙe ka ruwa ba, wannan kam zan roƙa. Kada ka goge. Ubana na nan, uwata na nan, 'ya'yana uku na nan. Jikokina za su tashi a garin wasu. In wata rana ɗayansu ya tambaya daga ina muke, a samu takardar da za a nuna masa."

Na ce masa in Allah ya yarda.

Da aka ce a sabunta taswirar bana, shugabanmu ya bi ta da jan biro yana nuna garuruwan da za a cire, ya zo kan Marke-Biyu ya ɗago ya dube ni. Na ce wannan yana nan. Ya ce ai kufai ne. Na ce na sani, ranka ya daɗe, yana nan. Ya wuce na gaba.

Don haka duk wanda ya sami sabuwar a cikinku, ya duba can sama dab da iyaka, zai ga sunan, da baƙin ɗigo cikakke, alamar garin da ke jiran ruwa. Yanzu alamar daidai take. Sai dai in inji ya je, ba wanda zai fito ya tare shi.